Gajiyar da Hutu Ba Ya Kawarwa: Raunin Tayirod da Yadda Ake Rayuwa da Shi

Cikin koke-koken da mu ma'aikatan lafiya muka fi ji a Sakkwato, musamman daga bakin mata, akwai "jikina ya mutu" da "na tashi barci kamar ban kwanta ba." Yawanci akan fara da gwajin zazzaɓin cizon sauro ko na ƙarancin jini, kuma hakan daidai ne domin su ne suka fi yawa a wannan yanki. Sai dai akwai waɗanda suka sha maganin zazzaɓi sau da dama, suka sha na ƙarin jini, wasu ma an ce musu taifod ne, amma watanni suka wuce kasalar tana nan daram. Irin waɗannan ne nake roƙo su nemi a duba musu tayirod.

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, ita ce kuma take kumbura idan mutum ya yi maƙoƙo. Aikinta fitar da sinadarin da ke daidaita saurin aikin jiki: bugun zuciya, narkewar abinci, ɗumin jiki, har da kaifin tunani. Idan sinadarin ya yi ƙaranci, komai na jiki sai ya yi nauyi. Mutum ya riƙa jin sanyi a lokacin da kowa ke neman fanka, ya yi ƙiba ba tare da ya ƙara ci ba, bayan gida ya yi masa wuya, fata ta bushe, gashi ya riƙa zubewa, murya ta dushe, mantuwa ta yi yawa. Ga mata, jinin al'ada na iya ƙaruwa ko ya rikice, ɗaukar ciki ya yi wuya, ko a riƙa samun ɓari. Ciwon ya fi kama mata, kuma yana shigowa a hankali, shi ya sa ake ɗora laifin a kan lalaci ko tsufa ko wahalar goyo. Ba kowane mai wannan ciwo ne wuyansa ke kumbura ba.

Babban sanadinsa a duniya shi ne ƙarancin aidin, wani sinadari da tayirod ke buƙata don yin aikinta, a abinci, dalilin da ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci. Babba yana buƙatar maikirogiram 150 a rana, mai juna biyu kuma 250. Gishirin da aka zuba a buɗe yana shan rana a kasuwa yana rasa aidin ɗinsa, don haka a sayi na cikin leda mai lambar NAFDAC, a rufe shi bayan an ɗiba. Akwai kuma wanda garkuwar jikinsa ce take lalata tayirod ɗin, da wanda aka yi wa tiyatar maƙoƙo, da matar da ciwon ya taso mata bayan haihuwa. Waɗannan cin gishiri mai aidin ba zai warkar da su ba.

Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da ciwon. Ana auna TSH, sinadarin da ke umartar tayirod ta yi aiki, da T4, sinadarin da ita kanta take fitarwa, kuma za a iya neman gwajin ta hannun likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani babban asibiti. Maganin ƙwaya ce ƙarama, wadda ake rubuta sunanta Levothyroxine a jikin kwali, aikinta maye gurbin sinadarin da jiki ya kasa samarwa. Ga mafi yawan marasa lafiya, shan ta na tsawon rai ne.

A nan ne nake son a tsaya da kyau, domin mutane da yawa suna da maganin a hannu amma ba sa cin moriyarsa saboda yadda suke shan sa. Ana haɗiye ƙwayar da ruwa zalla, ciki ba kowa, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Shayi da madara, fura da nono, kofi da awara duk suna rage yawan abin da hanji ke tsotsa. Maganin ƙarin jini, da na ƙarfin ƙashi, da farin maganin gyambon ciki, sai an ba su tazarar awa 4. Wannan ya shafi masu juna biyu sosai, tunda a wurin awo ake ba su ƙwayoyin ƙarin jini. A watan azumi, ana iya tashi da wuri a sha minti 30 zuwa 60 kafin sahur, ko a sha lokacin kwanciya idan an yi awa 3 da cin abinci. Zafin garinmu, wanda kan haura digiri 40 a bazara, yana rage wa maganin ƙarfi, saboda haka kada a bar shi a mota, ko bakin taga, ko kusa da murhu.

Sauƙi ba ya zuwa a kwana ɗaya. Yakan ɗauki makonni, kuma ana maimaita gwaji bayan mako 6 zuwa 8 da fara magani ko sauya adadinsa, daga baya sau ɗaya a shekara idan komai ya daidaita. Kada wanda ya ji daɗin jikinsa ya daina sha, domin gajiyar za ta dawo, kada kuma wanda ya ƙosa ya ƙara wa kansa ƙwaya. Faɗuwar gaba, rawar hannu, yawan zufa da rashin barci alamu ne na cewa maganin ya yi yawa, kuma hakan haɗari ne ga tsofaffi da masu ciwon zuciya. Matar da ke shan sa idan ta samu ciki ta gaya wa likita nan take, domin buƙatarta na ƙaruwa, kuma ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki ta dogara da sinadarin uwa a watannin farko.

Idan gwaji ya daidaita amma gajiyar ba ta tafi ba, a koma a duba jini, da suga, da yanayin barci, da damuwar zuciya. Magidanta da surukai kuma su rage wa matar da ke fama da ciwon aikin gida a watannin farko, su bar ta ta rarraba shi zuwa safiya da yamma, su tanadi kuɗin gwaji da na maganin wata mai zuwa tun kafin na hannu ya ƙare.