Yadda ake karanta tsofaffin littattafan binne mamata na cocin Ingila

Tun yaushe ake ajiye waɗannan littattafai?

A 1538 Thomas Cromwell, na hannun daman Sarki Henry na 8, ya ba da umarni kowace coci a Ingila ta riƙa rubuta baftisma da aure da binne mamata. A 1598 aka ce a kwafe tsofaffin a kan fata, a kuma riƙa aika wa bishof kwafi kowace shekara. Wannan kwafin na bishof shi ke fid da mai bincike kunya idan danshi ko ɓera ya cinye shafin asali. Sai a 1837 gwamnati ta fara rajistar mutuwa, kafin nan littafin coci ne babbar shaida.

Me ya sa rubutun yake kamar ba Turanci ba?

Salon rubutun ƙarni na 16 da na 17 daban ne. Doguwar s tana kama da f, e tana juyawa baya har ta zama kamar o, c kuma ta yi kama da t ko r. Inda aka ga ff a farkon suna, babbar F ce. Harafin da ke kama da y a "ye" sautin th yake ɗauke da shi. Dabarar ita ce a bar sunan da ake nema tukuna, a koyi hannun magatakardan daga sunayen watanni da kalmomin da yake maimaitawa, kamar yadda mai karanta tsohon ajami ke sabawa da hannun malamin kafin ya gane wasiƙar. Mai gaggawa sunan da yake so ya gani shi yake gani.

To, kalmomin Latin fa?

Kaɗan ne. Sepultus na namiji ne, sepulta na mace, wato an binne. Vidua ita ce matar da mijinta ya rasu. Sunaye ne ke ruɗa mutum: Jacobus shi ne James, Gulielmus kuma William.

Mene ne "Aff." a gefen suna?

Dokokin 1666 da 1678 sun tilasta a yi likkafani da ulu don raya kasuwar ulun Ingila. Dole a kawo takardar rantsuwa cikin kwana 8, in ba haka ba tarar fam 5. Alamar "Aff." gajarcen affidavit ce, wato takardar rantsuwar cewa da ulu aka yi likkafanin. Ita kuwa P tsakanin 1783 da 1794 galibi matalauci take nufi, wanda aka yafe wa harajin kwabo 3 da ake biya a lokacin kan kowace binnewa da aka rubuta.

Yaya mutum zai bar wasiyya a Disamba 1700, a binne shi a Janairu 1700?

Ba kuskure ba ne. Kafin 1752 shekara a Ingila tana farawa ne ran 25 ga Maris, don haka wannan Janairun a lissafinmu na 1701 ne. Masu bincike sukan rubuta 1700/1.

Yaushe abin ya yi sauƙi?

Daga 1813, bayan dokar 1812, aka koma littattafan da aka buga da gurbin suna, mazauni, ranar binnewa da shekarun mamaci. Shekarun nan dai dangi ne suka faɗa, don haka a gwada su da rajistar baftisma kafin a ɗauka.