Warin bututu a motar-gida: a nemo kafar da yake shigowa, kada a rufe shi da turare

Jama'a masu tafiya da motar-gida, wato irin motar nan mai wurin kwana da madafa da banɗaki a cikinta, ina roƙonku abu guda. Idan kun buɗe ƙofa wari ya buge ku, kada hannu ya fara kai wa turaren fesawa. Tankin ƙazanta yana ƙarƙashin ƙafarku, taku biyu ko uku daga inda yara ke barci, kuma an ƙera motar ne yadda iskarsa ba za ta shigo ciki ba. In ta shigo, akwai kafar da ta buɗe. Turare ba ya toshe kafa, hanci kawai yake yaudara.

Amma kafin a zargi bututu, a fara da abin da ke iya kashe mutum. Akwai abu uku a motar nan da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai: tankin ƙazanta, gas ɗin girki, da batir. Shi gas ɗin girki asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa sinadari mai ɗoyi domin in ya zubo a ji. Batir kuma in caji ya yi masa yawa yakan yi zafi, ya kumbura, ya fitar da iska mai irin wannan wari. Saboda haka in warin ya fi ƙarfi kusa da murhu ko firji mai aiki da gas ko akwatin tukunyar gas, a fitar da kowa waje, a rufe tukunyar, a bar ƙofa da tagogi a buɗe. Kada a taɓa makunnin fitila, kada a ƙyasta ashana. In daga akwatin batir yake, a cire cajin, a bar iska ta ratsa wurin, a kira mai gyara. Sai an tabbatar ba waɗannan biyun ba ne za a koma kan bututu.

Iskar tanki ita ma ba abar rainawa ba ce. Ƙwayoyin bakteriya da ke aiki inda babu iskar shaƙa su ke samar da ita. A cikinta akwai haidirojin salfaid, mai warin ƙwan, da mitan, wadda ba ta da wari amma tana kama wuta. Ta farkon ta fi iska nauyi, don haka ƙasa take kwantawa, daidai inda yaro ke rarrafe. Tana sa ciwon kai da tashin zuciya da raɗaɗin ido, kuma mai asma ya fi kowa jin jiki. Abin da ya fi damuna da ita shi ne in ta yi yawa ƙwarai tana kashe jin warin gaba ɗaya, sai mutum ya zaci ta tafi. Wanda ya ji jiri ko numfashi na yi masa wuya ya fita waje nan take, in bai sassauta ba a kai shi asibiti.

To, ina kafar take? Ku durƙusa ku buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Za ku ga bututun ya sauko, ya lanƙwashe kamar gwiwa, ya sake hawa. Wannan lanƙwasa tana riƙe ɗan ruwa, kuma ruwan nan shi ne murfin da ke tsakanin hancinku da tanki. A gida na ƙasa ba ya zuwa ko'ina. A mota kuwa, gargada da birki da kwana suna girgiza shi har ya tsiyaye, in kuma an ajiye motar makonni ba a amfani da ita, zafi ya busar da shi. Lanƙwasar wurin wanka ta fi saurin bushewa don ba ta da zurfi. Gyaran ba ya cin ko minti biyar: a zuba ruwa kofi biyu a kowace magudana, ta madafa da ta wanke hannu da ta wanka, a buɗe taga, a jira. Sau da yawa nan maganar take ƙarewa. A mayar da shi al'ada bayan kowace doguwar tafiya da kuma ranar da aka fito da motar daga ajiya. Wasu motocin ba su da wannan gwiwa, an sa musu wata roba mai buɗewa in ruwa ya taho ta rufe bayansa. Ita kuma gashi ko guntun abinci ke maƙale mata ta kasa rufewa, kuma waya da ake zurawa don buɗe bututu tana yaga ta.

Tun da kuna durƙushe, ku haska tocila can baya. Akwai wani ɗan bututu a tsaye mai hula a kansa. Aikinsa ya bar iska ta shiga lokacin da ruwa ke gangarawa, ya hana ta fitowa. Cikin hular wata siririyar roba ce, in ta tsufa sai ta ƙandare ta bar baki a buɗe. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, don mutane sukan wanke tanki sau da sau ba su san wannan ne ke zuba musu wari a cikin kabad ba. Ku rufa masa leda ku ɗaure na kwana ɗaya. In warin ya ɗauke, shi ne. Yawanci murɗe shi ake yi da hannu a sa sabo. Kada a bar ledar ta zama gyara, domin in iska ba ta shiga, ruwan da ke gangarawa zai zuƙe wanda ke cikin gwiwa.

Mutane sun fi zargin tankin bayan gida, alhali tankin ruwan wanka da wanke-wanke yakan fi shi ɗoyi, musamman lokacin zafi. Maiƙo da guntun abinci da kumfar sabulu suna ruɓewa a cikinsa. A goge kwano da takarda kafin a wanke, a sa rariya a bakin magudana, kada a tuttula mai a ciki.

Shi masai na mota, ƙasansa a rufe yake da marfi mai zoben roba, kuma ya kamata a bar ɗan ruwa a samansa kullum. Ku zuba ruwa ku dawo bayan awa ɗaya. In ya tsiyaye, zoben ya bushe ko datti ya maƙale masa, kuma inda ruwa ya bi ya sauka nan iska za ta bi ta hau. A goge shi, a shafa masa man silikon, in ya tsage a canja. Sannan a kashe fankar banɗaki kafin a taka fedar koran ruwa. Fankar tana zuƙo iska ne, in marfin ya buɗe tana aiki, daga tanki za ta zuƙo.

A motoci da yawa tankin ƙazanta yana da bututun numfashi da ya fita ta rufin mota. Zanzaro na son gina gida a cikinsa, ganye ma na toshe shi. Alamarsa ita ce masai ya yi gyatsa in an kora ruwa, ko magudana ta riƙa ɓulɓul. Mai hawa rufi ya sami wanda zai riƙe masa tsani, ya cire hular, ya zura tiyo ya saki ruwa. In ruwan ya gangara tanki, hanya a buɗe take.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a sansanin da ake haɗa mota da magudanar wurin. Sai mutum ya buɗe bawul ɗin tankin bayan gida, wato marfin da ke sakin ƙazantar waje, ya bar shi haka, yana ganin ya huta. Ruwan ya tsiyaye, kashi da takarda su tsaya su yi tudu a ƙarƙashin masai su sandare, kuma babu sinadarin da ke narkar da wannan cikin sauƙi. A bar bawul ɗin a rufe har tankin ya kai kashi biyu cikin uku, sannan a buɗe, ƙarfin ruwan ya kwashe komai. A fara da na bayan gida, a bi da na wanka don ya ɗauraye tiyon. Bayan an rufe, a zuba ruwa lita goma ko fi a tankin don kada ƙasansa ya bushe. Ruwa mai yawa ya fi kowane magani aiki a nan. A sa safar hannu, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, kuma tiyon ɗauraye tanki kada ya taɓa haɗuwa da na ruwan sha. Nan gudawa ke samun hanya.

In kuma warin sai an buɗe famfon ruwan zafi ake jin sa, na sanyi lafiya lau, to ba magudana ba ce. Bakteriya ne a cikin hitar ruwa, musamman mai sandar magniziyam ta hana tsatsa da ruwa ya daɗe a ciki. A kashe ta, a bar ta ta huce, a zubar da ruwan a wanke ta.

Sai gargaɗi kan sinadarai. Kada a haɗa bilic da abin wanki mai amoniya, kada a haɗa shi da ruwan khal ko wani asid. Iskar da ke tashi tana ƙona huhu, kuma banɗakin mota bai wuce faɗin kabad ba. Sinadari mai zafi na buɗe bututu da ake amfani da shi a gida yana cinye robobin bawul. Magungunan tanki masu fomaldihaid kuma suna kashe bakteriyar da ke narkar da ƙazanta a ramin da kuke zubarwa, shi ya sa jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana sayar da su a 2022. Ku karanta jikin kwalba kafin ku saya.

In an bi duk waɗannan warin bai tafi ba, ku leƙa ƙarƙashin mota da tocila. Danshi ko ɗigo kusa da tanki ko bawul alamar tsagewa ce. Wani lokaci kuma bututun numfashin ne ya zame daga mazauninsa a cikin bango. Wannan aikin mai gyara ne, kuma kafin ya zo kada kowa ya kwana a ciki tagogi a rufe.