Yadda ake gane zoɓo mai kyau tun daga kurɓar farko

Tun azumin bara mata ke tsare ni da tambaya a nan Gusau kan zoɓon da nake saidawa, toh ga waɗanda aka fi yi min.

Anti, me ake fara dubawa?

Kala. Ki zuba a kofin gilashi ki ɗaga wajen haske, mai kyau ja ne mai duhu amma haske na ratsa shi. In ya yi baƙi har yana jan shuɗi to kanwa ta yi yawa, ita ke kashe tsami ta juya kalar.

Ƙamshi fa?

Nan aikin yake wlh. Ki ɗan juya kofin ki kai hanci kafin baki, ƙamshin zoɓon kansa ya kamata ya fara zuwa sannan citta, sai kanumfari can ƙasa-ƙasa, in an dafa da ɓawon abarba shima za ki ji shi. Abin da ke ɓata min rai filebo ne, a zabga shi ya danne komai, kina sha kamar kin narka alawa, an yi asarar zoɓo an yi asarar citta.

In na kurɓa me zan ji?

Kar ki haɗiye da sauri, ki riƙe a baki kaɗan. Tsami zai fara zuwa, sai ɗan bauri mai kama dasashi, sikari ya tare su ba ya rufe su ba, bayan kin haɗiye yajin citta ya tsaya a maƙogwaro. Kuma ki ɗanɗana kafin a sa ƙanƙara don sanyi na ɓoye laifi sosai.

Wai Turawa ma haka suke yi?

Masu jar giyar inabi a Bodo ta Faransa haka suke bi, ido, hanci, baki, har tofarwa suke bayan sun ɗanɗana. Mu giya haramun ce gare mu, amma zoɓonmu ma ya zaga duniya, a Sanagal ana ce masa bisap, a Masar karkade, har Meziko ake kai shi daga Najeriya.

Ya zan san ya lalace?

Gora ta kumbura, kina buɗewa ta yi fuss da kumfa, ga warin tsami. Da zafin watan Afrilu in ba firij wuni ɗaya ya isa. Ki zubar 'yar uwa, kar ki ƙara sikari ki ba yara.