Kumburin muƙamuƙi da ba ya zafi

Jama'a, assalamu alaikum. A aikinmu na lafiya a nan Sakkwato akwai wani kumburi da ke tayar mini da hankali, domin mai shi kan zauna da shi shekara da shekaru. In ka tambaye shi abin da ya hana shi zuwa asibiti, sai ya ce, "Ai ba ya yi mini ciwo."

Likitoci na kiransa amelobilastoma. Ƙari ne da ke tsirowa cikin ƙashin muƙamuƙi, daga ragowar ƙwayoyin halittar da suka gina farin ɓawon haƙoranmu. Kusan kashi 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, can baya wajen turame. Ba ciwon daji (kansa) ba ne, ba a ɗaukarsa, ba kuma sammu ba ne. Amma yana cin ƙashi ta ciki kamar yadda gara ke cin azara: waje lafiya lau, ciki ya zama holoƙo. Sai haƙora su fara girgiɗi, fuska ta karkace, tauna ta gagara.

Ina roƙonku don Allah, kada a kai wa wanzami ya yi sakiya ko tsaga. Ba mugunya ce ta taru ba, ƙashin ne ya buɗe, sakiya kuwa gyambo kawai za ta ƙara. Ƙwayoyin kemis ma ba sa taɓa shi.

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo akwai likitocin haƙori da tiyatar muƙamuƙi. Za su ɗauki hoto, inda ƙarin kan fito kamar kumfar sabulu ko saƙar zuma, sannan su gutsuri ɗan kaɗan a auna, domin akwai cututtukan da ke kama da shi.

Maganinsa tiyata ce. Ana cire shi haɗe da kimanin santimita 1 na lafiyayyen ƙashin da ke kewaye, saboda in kankarewa kawai aka yi, yakan dawo. Wanda ya zo tun ƙarin yana ƙarami, ɗan yanki za a cire. Wanda ya bari ya girma, wani lokaci sai rabin muƙamuƙi ya tafi, a cike gurbin da ƙarfe da ƙashin ƙugu ko haƙarƙari ko ƙwauri, ga kuɗi mai yawa, ga doguwar jinya.

Bayan an sallame ka, ka adana katinka da hotunanka. Likita zai riƙa nemanka tsawon shekaru, domin ƙarin kan iya sake tsirowa ko bayan shekara 5 ko 10.