Yaron da ba ya magana a aji: da me zai faɗi abin da ke ransa?

Iyaye da malaman firamare a nan Gombe na yawan yin waɗannan tambayoyi kan yaran da suka isa shiga aji amma bakinsu bai buɗe ba, da kuma kayan aikin da za su taimaka musu su faɗi abin da ke ransu.

Duk yaron da ba ya magana kurma ne?

A'a. A bakin jama'a duk "bebe" ake ce musu, kuma wannan kuɗin goro yana cutar da su. Kurma kunne ne matsalarsa, yana kuma da maganar hannu. Amma akwai yaron da kunnensa garau, yana jin ƙarar babur ɗin babansa tun daga bakin layi, harshe ne dai ya ƙi. Wani galahanga ce, wato lalurar da ake kira autism a Turance. Wani ƙwaƙwalwarsa ce ta taɓu saboda doguwar naƙuda, ko shawarar jarirai da ta yi tsanani, ko sanƙarau. A fara da gwajin ji, a sashen kunne na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko wani babban asibiti, don a san inda aka dosa.

Waɗanne kayan aiki ake nufi?

Duk abin da zai tsaya wa yaro a madadin baki. Mafi sauƙi shi ne allon hotuna: kwali da aka manna wa hoton kofin ruwa, buta, kwanon abinci, fuskar mai kuka, yaro ya nuna wanda yake nufi. Sai tsarin musayar hoto da ake kira PECS, wanda Andy Bondy da Lori Frost suka fito da shi a Amurka a 1985, mai matakai 6. Sannan manhajojin waya da ke furta kalma idan an taɓa hoto, irin su Proloquo2Go, wadda ake saye kuma sai a na'urorin Apple, da Cboard wadda kyauta ce.

Yaya ake fara koyarwa?

Nan ne aikin yake. A tsarin PECS mutum biyu ake so a farko. Malama ta zauna gaban yaro riƙe da abin da ransa ke so, mu ce awara. Ba za ta ce "me kake so?" ba. Da ya miƙa hannu zai fizge, sai na bayansa ya kama hannun a hankali, ya ɗora shi kan katin mai hoton awara, ya taimaka masa ya miƙa wa malama. Nan take ta ce "awara!" ta ba shi. A maimaita, na bayan yana janye taimakonsa kaɗan-kaɗan, har ranar da yaron zai taso da kansa daga ƙarshen aji, kati a hannu, ya zo ya taɓa ta. Duk wanda ya ga wannan ranar a wurin yaron da da sai dai ya yi ta buga kansa da bango in yana jin ƙishi, ba zai sake raina guntun kwali ba.

Abu biyu nake roƙon malamai. Hotunan su zama na duniyar yaron: kunu, tuwo, kofinsa shi kansa, a ɗauka da waya a wanke, a sa musu leda a shagon masu fotokofi. Kuma kada allon ya ƙare a kayan ci. A sa "a'a", "ƙara", "bari", "ciwo", "gida". Yaron da ba shi da hanyar cewa wani ya dake shi yana cikin haɗari.

Amfani da kayan nan ba zai sa yaro ya ƙi buɗe baki gaba ɗaya ba?

Wannan ne babban tsoron iyaye mata, na kuma fahimce su. Nazarin da Millar da Light da Schlosser suka wallafa a 2006 ya duba binciken da aka yi kafin nan, ya nuna kayan ba sa rage magana, da yawan yaran ma ƙaruwa ta yi. Abin da ke cinye shekaru shi ne zaman jira, ana cewa "nauyin baki ne, kawunsa ma haka ya yi."

Sai mai kuɗi ke nan?

Ko kaɗan. Na'ura na buƙatar caji, tana fashewa, kuma yawancin manhajojin da muryar Turanci suke zuwa. Inda manhaja ta ba da damar ɗaukar murya, a sa yaya ko sa'an yaron ya faɗi kalmomin da Hausa ko Fulatanci. Ko da na'urar, a ajiye allon kwali a jaka saboda ranar da babu wuta.

Makarantar gwamnati na iya korar irin wannan yaro?

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu ba tare da wariya ba, kyauta har sakandare. Matsalar ita ce malama ɗaya da aji cike maƙil. Abin da ke rage mata nauyi shi ne 'yan ajin su ma su koyi allon, kuma allon ya riƙa bin yaron gida da Islamiyya. Kada a taɓa ƙwace shi da sunan horo, ko da yaron ya nuna hoton awara sau ashirin a jere. A nuna masa katin "anjima", a bar masa allonsa a kan tebur.