Rumbu da sola: wane kayan zamani ya dace da gidan da ke ci da kansa?

Mai son dogaro da kansa, dole ne ya guji kayan zamani?

A'a. Dogaro da kai shi ne hatsi a rumbu, akuya a turke, ruwa a kusa, ta yadda ko kasuwa ta rikice za a ɗora tukunya. Kakanninmu ma suna saye: gishiri daga Bilma, goro daga Gwanja, fartanya daga maƙera. Abin lura kawai shi ne wane kaya ke ƙara wa gida ƙarfi, wane ne ke ɗaure shi.

To yaya za a bambance?

Kafin ka ciro kuɗi, tambayi kanka: sau ɗaya zan biya, ko kullum? In ya lalace, akwai mai gyara a garinmu ko a kasuwar mako?

Duba noman rani. Injin ban ruwa mai shan fetur yana da araha a ranar saye, amma ranar 29 ga Mayu 2023, da aka sanar da cire tallafin mai a Najeriya, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, masu albasa da tumatir a fadama suka ji a jikinsu. Famfon sola yana cin jari da farko, daga nan sai rana ta biya sauran, kuma lokacin da shuka ta fi jin ƙishi shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. In za ka iya, ja ruwa zuwa tanki da rana maimakon tara wuta a batir, domin batir ne ke fara mutuwa. Kuma don Allah kada a cike tsohuwar rijiya, a bar guga da igiya a inda suke.

Ajiyar amfanin gona fa? Rumbu bai wadatar ba?

Ga damman gero da dawa, rumbu na nan daram. Wake ne matsala, ƙwaro kan cinye shi cikin 'yan watanni, shi ya sa wasu ke zuba masa maganin da ke cutar da mai ci. Buhun PICS, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro kuma aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, leda biyu ne masu kauri cikin buhu na uku. In waken ya bushe sarai aka ɗaure kowace leda da kyau, iska ta ƙare, ƙwaron ya mutu ba magani. Irin wannan zamanin nake so: ba mai, ba wuta, kuma ana sake amfani da shi muddin bai huje ba.

Iri da takin zamani?

Nan ne nake jan hankali sosai. Masarar haibirid, wato haɗaɗɗen irin da kamfanoni ke sayarwa, tana ba da yabanya, amma in ka ajiye 'ya'yanta ka shuka baɗi amfanin zai ragu, dole ka koma shago, ga ta da cin taki. Noma ta a gonar sayarwa in lissafi ya fita. Gonar abinci kuwa, riƙe irin da za ka iya cirewa daga girbinka.

Taki ma haka. Manoman Maradi tun daga shekarun 1980 suka koma barin kututturen itatuwa su tsiro a gona suna yi musu sassabe, har aka kiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar. Gawo yana zubar da ganye da damina, bai tare wa gero rana, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. Wanda ke da gawo da kashin shanu, takin buhu kaɗan zai ishe shi.

Waya fa?

Riƙe ta. Da ita za ka ji farashin kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano kafin dillali ya iso ƙofar gida, ka ji hasashen damina na NiMet (hukumar hasashen yanayi ta Najeriya), ka kira malamin dabbobi. Ƙaramin faifan sola ya isa cajinta tare da ƙwan lantarki biyu na karatun yara da dare.