Waiwaye: tun yaushe agogo ya sami launin fata?

A watan Yulin 2020, ana cikin zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd, wani jadawali daga shafin gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka da ke birnin Washington ya karaɗe intanet. An jero ɗabi'un da aka ce na al'adar farar fata ne, kuma a cikinsu har da bin ƙayyadadden lokaci da ɗaukar lokaci tamkar haja. Nan da nan aka yi ca. Cikin masu fushin har da baƙaƙen kansu, suna tambaya: wato mu ba mu iya zuwa aiki a kan kari ba ke nan? Ba a jima ba aka cire jadawalin. Amma ƙurar ba ta kwanta ba. Har yau, da zarar wani malamin jami'a ya ce launin fata yana da hannu a yadda mutum ke fahimtar lokaci, sai a yi ta cacar baki kamar yau aka fara jin zancen.

Alhali maganar ta tsufa. Matafiyan Turai na ƙarni na 19 sun cika littattafansu da ƙorafin cewa mutanen Afirka da Asiya ba su san darajar lokaci ba. A 1940 masani Evans-Pritchard ya bayyana yadda ƙabilar Nuwer ta kudancin Sudan ke auna yini da shanu: lokacin tatsa, lokacin fita kiwo, lokacin dawowa garke. A 1969 kuma John Mbiti, malamin addini ɗan Kenya, ya duba harsunan Kamba da Kikuyu, ya ce a tunanin gargajiyar Afirka abin da ya wuce yana da tsawo, yanzu tana da rai, amma nan gaba kusan babu ita. Masana 'yan Afirka irin su Kwame Gyekye na Ghana sun mayar masa da martani. Bahaushen da ke da gobe da jibi da gata da citta, ga baɗi, ga baɗin baɗaɗa, shi ma yana da ta cewa.

Waɗannan duk al'ada suke magana a kai. A Amurka ne zancen ya koma launin fata, kuma a can yana da ɓangaren da ba a iya turewa. Lokacin da Brittney Cooper, malamar jami'a baƙar fata 'yar Amurka, ta yi jawabinta a dandalin laccoci na TED a 2016, wani babban jigon maganarta shi ne lokacin da ake ƙwace wa baƙar fata, ta hanyar gajartar rayuwa da jiran haƙƙin da aka yi ta cewa a ƙara haƙuri. Wannan lissafi ne da ake iya yi. Inda gizo ke saƙar shi ne tsallen da ake yi daga nan zuwa cewa kiyaye lokaci gadon Bature ne.

Akwai wani babi da masu wannan muhawara, na kowane ɓangare, ba su cika buɗewa ba. A Ingilar ƙarni na 18, masaƙa da dukawa da maƙera suna da wata al'ada da suke yi wa kirari da "Waliyyi Litinin". Ba wani waliyyi ba ne, zolaya ce. Bayan hutun Lahadi sai su ƙara da Litinin, wani lokaci har Talata, a mashaya ko wajen wasa. Idan Alhamis da Juma'a suka zo, sai a kwana ana aiki don a cika alkawarin Asabar. Duk wanda ya taɓa kai wa tela ɗinki ana saura kwana uku salla ya san wannan salon. Masu kuɗi da masu wa'azi na wancan zamani kuwa, kalmomin da suka jefi waɗannan Turawa da su su ne dai aka jefi 'yan Afirka da su daga baya: malalata ne, ba su san lokaci ba, da sun sami na abinci sai su kwanta.

Masanin tarihi E. P. Thompson ne ya tono wannan a wata maƙala a 1967. Ya nuna yadda masana'antun saƙa suka zo da ƙararrawa da tarar makara da rufe ƙofa. Ma'aikaci ba shi da agogo, don haka aka sami wata sana'a ta masu tada mutane: mutum ya bi layi da asuba da doguwar sanda yana ƙwanƙwasa tagogi, a biya shi 'yan kwabbai a mako. Wasu ma'aikatan sun ba da labarin yadda ake tura agogon masana'anta gaba da safe, a ja shi baya da yamma, kuma wanda ya zo da nasa agogon yana iya rasa shi ko ya rasa aikinsa. Sai da aka yi zuriya bayan zuriya kafin abin ya shiga jiki. Kakanni an koya musu agogo da tsiya, 'ya'yansu suka yi fafutukar rage awanni har aka yi dokar awa goma ta 1847, jikoki kuma suka koma neman kuɗin ƙarin lokaci.

Hatta garuruwan Ingila ba agogo ɗaya suke bi ba. Bristol tana bayan Landan da kimanin minti goma, kuma har yanzu agogon tsohuwar kasuwar garin yana da hannun minti biyu. Jirgin ƙasa ne ya tilasta haɗa kai tun daga 1840, doka ba ta tabbatar da lokacin Greenwich (wata unguwa ce a Landan) ga ƙasar baki ɗaya ba sai 1880. Shekara huɗu bayan nan, a taron Washington na 1884, aka amince da Greenwich a matsayin ma'aunin duniya. Ke nan lokacin da Turawa suka taru a Berlin don raba Afirka a ƙarshen wannan shekarar, agogon bai-ɗaya sabon abu ne ko a gidansu.

Japan ma ta bi ta wannan hanya. Turawan da suka yi aiki can a tsakiyar ƙarni na 19 sun yi ta ƙorafin rashin cika alkawarin mutanen ƙasar. A 1873 aka koma awanni irin na Turai, a 1920 aka ware 10 ga Yuni a matsayin ranar tunawa da lokaci don a koya wa jama'a zuwa a kan kari. Yau kamfanin jirgin ƙasa a can yakan ba da haƙuri a kan 'yan daƙiƙu.

Mu ma nan muna jin ana cewa "lokacin Afirka", har mukan faɗa wa kanmu muna dariya. Katin biki ya ce ƙarfe huɗu, amarya ta iso bayan magariba, ba wanda ya yi mamaki. Amma a gidan nan dai, a watan azumi, kowa ya san mintin da za a sha ruwa: an zuba kunu, an jera dabino, yara sun tsaya a bakin ƙofa suna kasa kunne ga ladan, wani kuma idonsa na kan waya yana cewa saura minti biyu.